Sauransu

A shagon Iliya, can Jekadafari,
inda janareto ke tari kamar tsohon mashayin taba,
na zauna cike fom na makarantar kasuwanci.
Ya ce, "Manu, me ka karanta?"
Na ce, "Tarihi."
Ya gangara jerin da ke fuskar kwamfuta:
Akanta, Banki, Tattalin Arziki, Gudanarwa,
har can ƙasa, inda aka keɓe wani ɗan ɗaki
aka rubuta a ƙofarsa: Sauransu.
Nan ya sauke ni da kayana.

Shekara huɗu ina bin sawun daulolin da suka rushe.
Na san inda fatake suka yi zango da kanwa,
na san wa ya ci wa, a wace shekara,
ban san buhu zan gada ba.
Sai Baffa Jauro ya kwanta, ɓarin jiki ya ƙi tashi,
aka miƙo mini makullin rumfa a Tudun Hatsi
da littafin bashi mai shuɗin bango,
rabi ajami, rabi alamun da shi ya ƙago:
da'ira ga wanda zai biya da kansa,
ƙaho ga wanda sai an tsaya masa a ƙofar gida.

Fom ya ce: kawo shaidar ka iya lissafi.
Wa zai buga mini hatimi a kan daren nan
da na buɗe sito na ji wake yana motsi?
Buhu arba'in da uku, ƙwaro ya riga ni ciniki.
Na tsuguna da gawayi ina zane a bango
har ladan ya yi kiran farko.
Da safe na sayar da babur,
na fara biyan 'yan dako,
don Sale Dogo bakuna shida yake ciyarwa
kuma ba shi ya ce in sayi wake da lema ba.
Wannan wane kwas ne? Maki nawa ake ba shi?

Fom ya ce: wasiƙa daga shugabanka a wurin aiki.
Shugabana yana kan katifa, yana magana da ido.
Bappayo dillali ya ce shi zai tsaya mini,
ya nuna babban yatsansa: "Ga birona."

Fom ya ce: cikin kalma ɗari uku, me ya kawo ka?
Na rubuta, na goge.
Gaskiyar ita ce na zo inda idona ya ƙare.
Mai sayen riɗi ya zo daga Legas da takarda shafi tara,
na sa hannu a shafi tara, na fahimci huɗu.
Manajan banki yana faɗin wata kalma, ina gyaɗa kai,
in na fito in tambayi yaron da ke gadin ƙofa.
Kogin nan da ƙafa na san shi,
na san inda yake ja, na san inda yake yaudara,
amma ina so in san sunan abin da ke jan ƙafata.

Ladiyo ta ce, "Da furfurar nan a gemu
za ka zauna cikin yaran da suka sha lissafi da nono?"
Na ce su koya mini zanen da ke hawa da sauka,
ni in koya musu ƙanshin masarar da ba ta bushe ba.
Ta yi dariya, ta ƙara mini miya.

Iliya ya danna. Wuta ta dawo daidai lokacin,
kamar ta ji kunya.
Inji ya tofo rasit mai ɗumi, da lambata a goshinsa.
Na ninke shi cikin littafin Baffa,
na riƙe biro, na daɗe.
Ban yi masa da'ira ba.
Ban yi masa ƙaho ba.

Waya ta yi ƙara: motar Kumo ta iso,
direba yana rantsuwa buhu ɗaya bai jiƙe ba.
Na tsayar da ɗan acaɓa.
Zan soka hannu in ji da kaina.